Yini Guda a Marinar Ƙofar Mata

Shekara ashirin ke nan ina bi ta Ƙofar Mata a mota, ban taɓa tsayawa ba. Kullum akwai uzuri: aji na jira, ko taron sashe, ko takardun ɗalibai da ba a gama dubawa ba. Sai a makon jiya, da nake gyara adakar mahaifina, wanda Allah Ya yi wa rasuwa shekara biyu da suka wuce, na ci karo da koren da yake sawa ranar Sallah. Rinin ya koɗe a kafaɗu, ƙyallin bugu ya tafi. Nan take na tuna da amininsa, wani marini da muke kira Baffa, na ƙudura zan kai masa rigar ya sake rina ta.

Duk Bakano ya san wurin, ko da bai taɓa shiga ba. Yana nan dab da filin Idi, kuma allon da ke ƙofarsa ya ce an kafa shi a 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa arzikin birnin ya dogara ne a kan saƙa da rini, kuma tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Mahaifina ɗan kasuwar Kurmi ne, a wutsiyar wannan ciniki ya rayu. Ni ne ɗan aikensa. Nakan ɗauko ƙullin sawaye a ka in kawo wa Baffa, shi kuma ba ya barina in koma sai ya saya mini ƙosai.

Warin baba ne ya fara tarbata, bai canza ba ko kaɗan. Abin da ya canza shi ne yawan mutane. Rijiyoyin rini suna nan jere, amma waɗanda ake aiki a cikinsu 'yan kaɗan ne. Sauran an rufe, wasu ƙasa da leda sun cike su. Atamfa da shadda na waje da rinin kanti mai arha sun janye masu saye, 'ya'yan marina da yawa kuma sun kama wasu sana'o'in. Na nufi kusurwar da na san Baffa yana zama, na tarar da faifai a bakin rijiyarsa, an ɗora dutse a kai.

Wani matashi da hannayensa suka yi shuɗi har gwiwar hannu ya taso ya gaishe ni. Ya dube ni da kyau, ya ce, "Yaya, ba kai ne ɗan Alhaji na Kurmi ba?" Na ce ni ne, Baffa na zo gani. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai Baba ya rasu, yau wata huɗu. Da yana kwance ya tambaye ka sau biyu, amma ba mu da lambarka."

Ban san lokacin da na zauna a kan wani turmi da ke kife ba. Wayata tana ɗauke da lambobi masu ɗimbin yawa, har da na mutanen da na haɗu da su sau ɗaya tak a taron ƙara wa juna sani a ƙasar waje. Amma dattijon da ya shiga kabarin mahaifina ya karɓi gawarsa, ba ni da tasa, ba shi da tawa. Ranar sadakar uku na ce masa zan zo. Na faɗa ne da zuciya ɗaya, kuma wannan niyya ce ta yi ta kwantar mini da hankali har shekara biyu, sai ka ce niyyar zuwa ita ce zuwan.

Ɗan nasa ya karɓi rigar, ya ce shi zai rina ta. Na tambaye shi ko zan dawo bayan awa ɗaya. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, rini ba ya son gaggawa. In kana da hali, ka zauna." Na kashe wayar na zauna.

A nan na ga abin da na sha gani ina yaro ban lura ba. Ruwan rini ba a haɗa shi yau a yi aiki da shi yau. Ana zuba baba da toka a rijiya, a bar su kwanaki suna ruɓa, ana motsawa da muciya, har ruwan ya nuna. Idan aka tsoma tufa aka ciro, ba shuɗiya take fitowa ba, tsanwa-tsanwa take, sai iska ta buge ta sannan launin ya juya a gaban idonka. Masana kimiyyar haɗa sinadarai sun ce iskar ce ke mayar da baban yadda ba zai ƙara narkewa a ruwa ba, shi ya sa yake kama zare. Tsomi ɗaya kuwa ba ya ba da komai sai shuɗi mai haske. Baƙin kore sai an tsoma, an ciro, an sha iska, an mayar, sau da yawa.

Yana aiki muna hira. Ya ba ni labarin yadda mahaifina ya taɓa biya wa Baffa kuɗin asibiti, ya hana a faɗa wa kowa, da yadda su biyun suka yi shekaru suna cin abincin rana a akushi ɗaya ran Juma'a. Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na yi digiri uku, na rubuta maƙaloli a kan al'umma, amma sai a bakin rijiyar rini na fahimci cewa amincin nan nasu ba wani babban al'amari ne ya gina shi ba. Zuwa ne, da dawowa, da sake zuwa. Hausawa sun gama magana da suka ce zumunta a ƙafa take. Mu 'yan boko mun mayar da ita saƙon barka da Juma'a da ake turawa mutum ɗari a lokaci guda.

Da la'asar aka shanya rigar. Ya ce gobe za a kai wa mabuga, jibi in zo in karɓa, ko ya ba ɗan sahu ya kawo mini har gida. Na ce a'a, da ƙafata zan zo. Na nemi biya ya ƙi karɓa, ya ce Baba ba zai yafe masa ba in ya karɓi kuɗin rigar Alhaji.

Daga nan ya raka ni cikin gari, lungu bayan lungu, har gidansu. Na durƙusa a gaban mahaifiyarsa na yi ta'aziyyar da ta makara da wata huɗu. Ba ta yi mini gori ba. Ta ce, "Ɗana, ka zo ke nan," ta sa aka kawo mini fura. Kafin in fito na karɓi lambar ɗanta, na kuma tambayi gidan sauran abokan mahaifina da ke raye. Uku suka rage. Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan fara da wanda ya fi tsufa.