Wa Zai Shaide Ka?

Akwai wata takarda da nake ajiye da ita a ƙasan akwatina har yau. Fara ce tas, mai kauri, da tambari mai ruwan zinare a sama da hatimi a ƙasa. Layi uku ne kacal a cikinta. Sau uku na yi tafiya daga Gummi zuwa Gusau saboda ita, ta Ɗaki Takwas da Anka da Mayanci, a lokacin da duk wanda ya hau wannan hanya sai mahaifiyarsa ta yini tana addu'a. Ba ta amfane ni da komai ba a kan abin da na nema. Labarinta nake so in ba ku, ƙannena, musamman masu burin zama lauyoyi.

Ina aji huɗu na sakandare a 2010 lokacin da labarin gubar dalma ya ɓulla. Likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ne ke kashe ƙananan yara a ƙauyuka irin su 'Yargalma a Bukkuyum, da Dareta da Abare da Bagega a Anka. Yara kimanin 400 suka rasu. Dangin mahaifiyata mutanen ƙasar Bukkuyum ne, don haka gaisuwar ta zo har cikin gidanmu. Wata rana a aji na tambayi malaminmu na Adabin Turanci, na ce, "Malam, to laifin wa ke nan?" Bai ba ni amsa ba. Washegari ya zo mini da tsohon kundin tsarin mulki na 1999, ya ce in karanta sashe na 20 da na 44. Na farko ya ɗora wa gwamnati nauyin kare muhalli, na biyun ya ce ma'adinan ƙasa suna hannun Gwamnatin Tarayya. Tun daga ranar na san abin da zan karanta.

Hanyar tana da tsawo. Sai ka sami sakamako mai kyau a Turanci da Adabin Turanci, ka ci jarrabawar JAMB, ka yi shekara biyar a jami'a. Ni a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato na yi. Daga nan sai Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 1962, yanzu hedikwatarta na Bwari a Abuja. Ni reshen Bagauda na Jihar Kano aka tura ni. A kowane mataki akwai wanda zai sa hannu a kanka. Shugaban makarantarku zai ba ku takardar shaidar hali, wadda muke kira testimoniyal. Takardun shiga makarantar lauyoyi ta tsangayar shari'a ta jami'arka suke bi. Kafin a rantsar da kai kuma, sai mutum biyu daga majalisar manyan lauyoyi da alƙalai da ke da alhakin rantsarwa sun sa hannu cewa ka cancanta. Satar jarrabawa ko shiga ƙungiyar asiri na iya hana mutum sanya baƙar rigar nan, komai kyan sakamakonsa.

Bayan bautar ƙasa na fara aiki a ofishin wani lauya, sai na nemi tallafin karatu don yin digiri na biyu a kan dokokin ma'adinai da muhalli. Aka ce in kawo mutum biyu da za su rubuta wasiƙar shaida a kaina. Haka tsarin yake kusan ko'ina. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya ma mutum biyu yake nema.

Kawuna ya ce, "Wannan ai ba aikin malaman makaranta ba ne. Babban suna ake so." Ya haɗa ni da wani babban mutum a Gusau wanda suka yi firamare tare. Zuwan farko ba ya gari. Na biyu yana taro har magariba. Na uku na samu shiga, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe." Ya tambayi lafiyar Kawu, ya kira sakatarensa ya ce a ba ni takarda. Duk ganawar ba ta kai minti biyar ba. Takardar ta ce ya san ni, ɗan gidan mutunci ne ni, a taimaka mini. Ko fannin da nake nema ba a ambata ba, domin ba wanda ya tambaye ni. Duk da haka na fito ina murna, na roƙi sakataren ya aika da ita. Ta biyun kuma na karɓa daga wani malami da ya koyar da mu a babban zaure muna fiye da ɗari, don kawai shi farfesa ne.

Ko ganawa ba a kira ni ba. Ba zan ce wasiƙun ne kaɗai suka kayar da ni ba, amma na tabbata ba su ɗaga ni ba.

Da na koma gida hutun sallah, na je gaida tsohon malamina. Ya yi ritaya, na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Ya ce, "Lauya, mi yak kawo ka?" Na miƙa masa kwafin takardar. Ya karanta, ya juya bayanta kamar yana neman sauran, sannan ya ce, "Ɗana, in ka kai shaida gaban alƙali, ya ce shi bai gani ba, an dai gaya mashi, mi alƙali zai yi da shi?"

Kunya ta kama ni. Ni da na haddace Dokar Shaida ta 2011, wadda a ƙa'ida ba ta karɓar shaidar ji-ta-ji-ta. A kotunan shari'ar Musulunci ma, idan za a tsarkake shaida, wanda ya zauna da shi ya san halinsa ake nema. Gani ya kori ji. Masu tantancewa suna da sakamakona a gabansu, ba sa buƙatar wani ya maimaita musu. Abin da ba su da shi shi ne wanda ya gan ni ina aiki.

Na ce, "To Malam, kai ka rubuta mini." Ya girgiza kai. Ya ce shi yaro ɗan shekara goma sha shida ya sani, su kuwa lauya suke tambaya. "Wa yag ga aikinka na ƙarshe? Wa yat taɓa gyara maka kuskure?"

Mutum biyu suka faɗo mini a rai, kuma dukansu na guje su da gangan. Ɗaya ita ce malamar da ta duba kundin bincikena na kammala digiri, wadda ta mayar mini da babin farko sau uku da jan biro. Ɗayan shi ne maigidana a ofis, wanda ba shi da wani muƙami, amma kullum muna tare a kotu.

Da shekara ta zagayo, na je wajen malamar wata biyu kafin a rufe karɓa. Na kai mata sakamakona, da bayanin abin da nake nema, da ranar rufewa. Na tambaye ta kai-tsaye, na ce, "Malama, za ki iya rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi? Idan ba za ki iya ba, ki gaya mini, ba zan ji haushi ba." Ta ce za ta rubuta, amma gaskiya za ta faɗa. Gabana ya faɗi, na dai ce na yarda. Ban ga abin da ta rubuta ba, domin ta imel ɗinta aka tura mata buƙatar, ta can kuma ta mayar. Sai a ranar ganawa na fahimci abin da ke ciki, da ɗaya daga cikin masu tambaya ta ce an gaya musu na sake rubuta babi guda sau uku ban yi fushi ba, kuma na je ƙauye na zauna da iyayen da suka rasa 'ya'ya kafin in rubuta komai a kansu. Ta ce in ba su labarin. A wannan karon an ɗauke ni.

Na san wasunku za su ce wannan magana ta yi nisa, mu da ko jarrabawar fita ba mu yi ba. Tun ran gini tun ran zane. Wanda zai fara shaidar ku yana tsaye a gaban allo yanzu haka. Ku yi tambaya a aji, ku shiga ƙungiyar muhawara, ku karɓi gyara ba tare da kumbura fuska ba. A yankinmu ana yawan sauya wa malamai wurin aiki, wani lokaci a rufe makaranta saboda tsaro, don haka ku riƙe lambar malamin da ya san ku, ku riƙa gaishe shi ko ba ku da buƙata. Idan lokaci ya yi, kada ku kai ɗan'uwa, domin ba a ɗaukar yabon uba ko kawu da nauyi. Idan wani ya ce ku rubuto da kanku ya sa hannu, ku yi masa godiya ku nemi wani. Bayan sakamako ya fito, ko an samu ko ba a samu ba, ku koma ku faɗa masa.

Ni ma na koma. Na tarar da Malam a zauren nan, na ba shi labari. Ya yi hamdala, ya shiga cikin gida, ya fito da wani littafin rajista da ya tsufa, ya ce, "To yanzu sai ka maido mani kundina. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ta fara irin tambayoyinka."