Wayoyi Uku Da Suka Kusa Raba Yaro Da Abincinsa

Yau hirar tamu ta mota ce. Na san wata za ta ce ina ruwanmu da gareji, ai na maza ne. To 'yar uwa, ke ce mai kai yara makaranta, ke ce mai zuwa asibiti da gidan biki, in motar ta ƙi tashi kuma ke ce a tsaye bakin ƙofa da goyo. Don haka da ruwanki a ciki.

Motar gidanmu Toyota Sienna ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, irin mai ƙofar gefe da ake ja. Tun 1997 ake ƙera irinta a Amurka don masu iyali, shi ya sa ta karɓe mu. Rediyonta na asali faifan CD yake ci, ni kuwa karatuna da waƙoƙin bikina duk a waya suke, sai Baban yara ya sayo sabo mai allo wanda ake haɗawa da waya, ya kai wa wani mai wayarin ya sa.

Ranar farko rediyo ya kawo wuta, allo yana ta walƙiya, amma ko tari lasifika ba ta yi ba. Aka koma, mutumin ya sake cusa hannu a bayan dashbod, murya ta fito raɗau, aka biya shi. Bayan kwana biyu muka wayi gari mota ta ƙi tashi, ana murɗa makulli sai ƙas-ƙas. Aka yi aron batirin maƙwabta. Washegari haka, jibi ma haka, yara suna shan bulalar makara.

Laifin kuwa sai ya faɗa kan yaron da ke wanke mana mota, maraya ne, da kuɗin yake taimakon kakarsa. Baban yara ya ce shi ne yake kunna rediyo yana jin waƙa, ya ce ƙarshen wata zai sallame shi, kuma zai sayi sabon batir. Yaro ya rantse har da hawaye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, makulli yana cikin jakata kullum, to da me ya kunna?

Da daddare na fita na zauna a motar ba makulli, na danna maɓallin rediyo. Wallahi sai ga shi ya kama! Tsohon kuwa bai taɓa yin haka ba, da an zare makulli yake mutuwa. Na sa ƙanena ya kwance kan batir na baƙar waya, muka bar shi ya kwana a haka. Da safe ya mayar, bugu ɗaya mota ta tashi. Ashe batir lafiyarsa ƙalau, wani abu ne yake tsotse shi cikin dare.

Na ce, "Alhaji, kafin ka sallami yaron nan ka ba ni kwana ɗaya." Ya ce, "Ke yanzu kuma kin zama bakanike?" Na ce, "A'a, ido kawai na sa."

Muka kai wa wani dattijo mai wayarin. Ban ce masa mota ba ta da lafiya na yi shiru ba, na jero masa abin daki-daki: da farko ba murya, sannan batir yana mutuwa da dare, rediyo yana kamawa ba makulli, kuma akwai wani siririn kuka a lasifika da ke ƙaruwa in an taka totur. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai kin gama mini rabin aikin."

Ya auna batir da mita, bolt 12 da ɗan ɗori, da aka ta da inji ya haura wajen 14, alamar caji yana shiga. Sannan ya zaro rediyon ya nuna mini bayansa. Galibin rediyon da ake sayowa a kasuwa, wayoyin wutarsa uku ne. Rawaya tana kan wutar batir dare da rana, ita ke riƙe agogo da tashoshin da kika ajiye. Ja kuwa sai an murɗa makulli take samun wuta, ita ce mai ce wa rediyo tashi ko kwanta. Baƙa ana ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Akwai kuma shuɗiya mai farin layi, mai ta da amfilifaya, don wasu Sienna da amfilifayarsu suke zuwa tun daga kamfani, in ba a tashe ta ba murya ba ta fita.

Abin da na farkon ya yi, ya murɗe ja da rawaya wuri ɗaya a kan wutar batir, da murya ta ƙi fita ya ƙara wayar amfilifaya a kansu, ya naɗe da baƙin salatif. Kin ga rediyo da amfilifaya ba sa barci ke nan. Baƙar wayar kuma ya ɗaure ta a kan fenti, ba ta kama ƙarfe sosai ba, nan kukan ya samo asali. Dattijo ya raba kowace ya kai ta mazauninta, ya kankare fentin ya ɗaure tam, ya duba fis. Ko awa ɗaya bai yi ba. Ba a sayi batir ba, yaro kuma yana nan kan aikinsa, Alhaji da kansa ya ba shi haƙuri.

To 'yar uwa, riƙe waɗannan. In an sa miki sabon rediyo, kafin ki biya ki zare makulli ki ga ko ya mutu. Ki ajiye tasha, ki kashe mota ki sake tayarwa, in ya manta tashar da agogo to rawayar ba ta kan wutar batir, wataƙila an musanya ta da ja. Ki juya murya hagu da dama, gaba da baya, ki ji kowace lasifika. Ki taka totur ki saurara. Kada ki yarda a ɗaure fis da zaren waya, fis shi ne mai tsare mota daga gobara.

Kuma duk ranar da wani abu ya lalace a gida, a fara tambayar me aka canza kwanan nan, kafin a kama mai ƙaramin ƙarfi. Allah ya tsare mana ababen hawanmu, amin.

Taku har kullum.