Tsibirin da Inabi Ke Durƙusa wa Iska

A tsakiyar Bahar Rum, tsakanin Sisili da Tunisiya, akwai wani ɗan tsibiri baƙi ƙirin da ake kira Pantelleria. Na Italiya ne, amma ya fi kusa da Afirka. Daga can zuwa Sisili kusan kilomita 100 ne, gaɓar Tunisiya kuwa ba ta wuce kilomita 70 ba, har idan gari ya yi wasai ana hango ta da ido. Girmansa duka murabba'in kilomita 83 ne, mutanensa ba su kai 8,000 ba. Aman wutar dutse ne ya fito da shi daga ruwa, shi ya sa ƙasarsa baƙa, duwatsunsa masu kaifi. Ba kogi, ba idon ruwan sha. Iska kuma ba ta hutawa: in ba mai sanyi daga arewa maso yamma ba, to mai zafi ce daga Sahara, hamadar nan dai da ke aiko mana da ƙurar hunturu.

Wanda ya ji an ce tsibiri zai zaci masunta ne a ciki. Ko kusa. Mutanen Pantelleria manoma ne da suka juya wa teku baya. Gaɓarsu ba rairayi, sai tsaunuka da ke gangarawa ruwa kai tsaye, kuma abin da teku ta saba kawo musu a zamanin da shi ne 'yan fashi masu kamun bayi. Sai suka hau tudu, suka dubi jibgin duwatsu, suka ce nan za mu ci abinci.

Gona a can ba samun ta ake yi ba, gina ta ake yi. Mutum zai tsince duwatsun gefen tsauni ɗaya bayan ɗaya, ya jera su katanga ba siminti ba laka, nauyinsu kawai ke riƙe da juna, sannan ya tara 'yar ƙasar da ta rage a bayan katangar har ta zama fili mai ɗaukar 'yan layukan shuka. In ya gama wannan ya hau sama ya fara wani. Ɗansa ya ɗora, jikansa ya ƙara. Haka tsibirin ya zama hawa-hawa tun daga bakin ruwa har gindin Montagna Grande, tsaunin da ya kai mita 836, kuma in aka miƙe katangun nan a layi guda za su yi dubban kilomitoci. Wannan ne ya sa nake ganin ƙaunar da mutanen nan ke yi wa ƙasar kakanninsu daban take. Idan ɗan Pantelleria ya ce gonar kakana, ba yana nufin filin da kakansa ya riga kowa sarewa ba ne. Yana nufin abin da babu shi kafin kakan ya sa hannu. Kowane dutse a katangar wani daga cikin danginsa ne ya ɗaga shi, ya jujjuya shi, ya nemo masa inda zai zauna daram. Sayar da irin wannan gona ba ƙaramin abu ba ne, barin katangarta ta zube kuwa abin kunya ne a idon maƙwabta.

A cikin filayen nan suka dasa inabi, amma ba yadda ake gani a hotunan Faransa ba, inda kuranga ke hawa waya tana miƙewa. Wadda ta ɗaga kai a Pantelleria iska za ta kakkaɓe furenta tun bai zama 'ya'ya ba. Don haka sai a haƙa ɗan rami mai faɗi kamar kwarya, a dasa kurangar a tsakiya, a yi ta aske ta har ta zama ɗan guntun itace mai rassa shida da ke bazuwa dab da ƙasa, tsawonta bai kai gwiwar mutum ba. Ramin na kare ta daga iska, yana tara ɗan ruwan saman da ya sauka da raɓar dare, ganyenta kuma na yi wa saiwarta inuwa. Manomin Tahoua da ya san tassa, ramukan da ake haƙawa a fako don su riƙe ruwa da taki a gindin gero, zai gane dabarar da kallo ɗaya. Sai dai ramin ba ya zama yadda aka bar shi. Ƙasa na zubowa, ciyawa na cikawa, dole a dawo da fartanya a gyara, gindi bayan gindi, sau da yawa a shekara. Na'ura ba ta shiga nan. Aski a sunkuye, noma a sunkuye, girbi a durƙushe. Italiyawa da kansu suna kiran wannan noman jarumta, ban kuma ga ƙari a cikin sunan ba.

Ba inabi kaɗai aka koya wa ladabi ba. Itacen zaitun, wanda a wasu wurare mutum ke hawa da tsani, a nan ɗaura wa rassansa duwatsu ake yi tun yana ƙarami har ya saba rarrafe a ƙasa. Lemo kuwa, da ba ya jure iska ko kaɗan, gina masa ɗaki ake yi: zagayayyar katanga ta dutse wadda ta fi tsawon mutum, ba rufi, da ƙaramar ƙofa, wani lokaci itace ɗaya tak a ciki. Duwatsun na tsotsar laimar dare suna shayar da shi. Ka dubi yawan aikin, ka dubi abin da za a samu, 'yan lemuka da uwar gida za ta ba mara lafiya ko baƙo, sai ka san mutanen nan ba lissafin ɗan kasuwa suke yi da gonarsu ba.

Akwai hannun Musulmi a cikin tarihin nan, kuma har yau bai goge ba. Larabawa da suka ƙetaro daga arewacin Afirka sun riƙe tsibirin tun ƙarni na 9 har zuwa 1123, lokacin da Normawan Sisili suka karɓe shi, amma Larabci ya ci gaba da zama a bakin mutane ɗaruruwan shekaru bayan haka. Unguwanninsu har yanzu sunansu Khamma, Gadir, Bukkuram, Rekhale. Auduga ta daɗe tana cikin amfanin gonarsu. Shi kansa inabin, fari mai manyan 'ya'ya da ƙamshi kamar na fure, zibibbo suke ce masa, wato zabibin da muka sani, domin an fi saninsa da shanyawa.

Gidan iyali, wanda suke kira dammuso, da dutsen gonar aka gina shi. Bango mai kauri ƙwarai, 'yan tagogi ƙanana, kowane ɗaki da ƙubbarsa a sama, an shafe ta da farar ƙasa. Ƙubbar na sa ɗaki sanyi, amma babban aikinta ruwa ne. Duk ɗigon da ya sauka a kanta gangarawa yake yi ta indararo zuwa wani ginannen rami a ƙarƙashin ƙasa, kuma a da abin da ramin ya tara lokacin sanyi shi iyali za su sha, su dafa, su yi wanki da shi har wata shekara. Yaro a gidan nan tun kafin ya iya karatu ya san ba a zubar da ruwan da aka wanke kayan miya da shi, akwai shukar da ke jiransa a bakin ƙofa. A gefen gida akwai masussuka zagayayya, inda a da jaki ke kewayawa yana tattake sha'ir. Jakin Pantelleria kuwa sananne ne a Bahar Rum, dogo, mai ƙarfi, mai tafiya ba girgiza, har a da ana zuwa daga wasu ƙasashe a saye shi don a haifi alfadarai.

Shekara duka tana fuskantar ƙarshen watan Yuli, lokacin da ake fara girbi daga gonakin da ke kusa da teku, inda inabi ke riga nuna, a yi ta hawa tudu har cikin Satumba. Aikin gayya ne na dangi da maƙwabta: yau a gonar wannan, gobe a ta wancan. Ana yanke inabin da hannu, a zaɓi lafiyayye, a kai shi mashanya, wani fili da aka gina jikin katanga mai kallon kudu don ya sha rana tun safe. Can ake shimfiɗa shi, ana juya shi a hankali, da yamma a rufe saboda raɓa, kowa na ɗaga kai yana duban sama, domin ruwa guda a lokacin da bai dace ba na iya lalata wahalar shekara. Wani kan tsoma nasa a tafasasshen ruwan toka kafin shanya don ya bushe da wuri ya yi launin zinariya. Bayan 'yan makonni, idan 'ya'yan sun yamutse sun koma zuma, sai mata su zauna a inuwa su tsittsinke su daga kara ɗaya-ɗaya. A wannan zaman ake jin wanda ke neman auren wance, a nan kaka ke gaya wa jikoki wane ne ya gina katangar da ke bayansu da kuma shekarar da ta taɓa faɗuwa. A da, daga nan jiragen ruwa kan kwashi zabibi da ɗanyen inabi zuwa kasuwannin Sisili da sauran Italiya. Kuɗin da ya dawo shi ne na biyan bashi da kayan ɗakin 'ya mace.

Kafin inabi ya nuna ma ba a zaune ake ba. Akwai wata shuka mai yaɗo da suke kira kappero, wadda ake tsinkar tohon furenta tun bai buɗe ba, a jiƙa shi da gishirin teku ya zama abin ƙara wa miya ɗanɗano. Tun asuba ake fita tsinkarsa, a sunkuye kamar kullum, a koma gindi ɗaya bayan 'yan kwanaki domin ya sake toho. Sai lokacin sanyi jiki ke samun sarari. Kowace unguwa tana da ɗakin taronta da mazauna suka haɗa kuɗi suka kafa, maza na karta da hira a ciki, in lokacin bikin shekara da ake kira kanibal ya zo kuma a kwana ana rawa, tsoho da jika a fili ɗaya.

Ƙasar ba ta taɓa isar kowa ba. Gado na raba gona har ta koma 'yan layuka, sai ƙanne su nemi wani wuri. Tun ƙarni na 19, musamman bayan Faransa ta mamaye Tunisiya a 1881, iyalai da yawa daga Pantelleria suka ƙetara zuwa yankin Cap Bon da ke fuskantar tsibirinsu, suka sayi daji suka mayar da shi garkar inabi. A lokacin daga arewa ake cin rani zuwa Afirka a kan wannan ruwa da a yau 'ya'yanmu ke ratsawa zuwa Turai cikin kwalekwale. Tunisiya ta sami 'yanci a 1956, a 1964 kuma gwamnatinta ta karɓe gonakin baƙi. Mutanen da aka haifa a can, wasu ba su taɓa taka Italiya ba, suka tattara suka tafi. Da dama suka sauka a Aprilia, kudu da Roma, kuma abin da suka fara yi da suka sami fili shi ne dasa inabi.

A tsibirin kansa masifu sun zo bi da bi. Ƙwaron filoksera, wanda ya cinye saiwar inabin Turai tun daga shekarun 1860, ya iso nan a makare amma bai yi sassauci ba. Dole aka tuge, aka dasa gindin inabin Amurka da ƙwaron ba ya iya wa, aka yi masa aure da zibibbo. Musolini, mai mulkin Italiya a lokacin, ya mayar da tsibirin sansanin soja, abin da ya jawo masa ruwan bama-bamai na makonni daga jiragen Ingila da Amurka, har tsibirin ya miƙa wuya ranar 11 ga Yuni 1943, babban garin ya zama kufai. Duk wannan an farfaɗo daga gare shi, domin wanda ya iya jera dutse bai rasa abin yi ba. Abin da ya karya tsohuwar rayuwar a hankali ya zo. Zabibi mara ƙwallo daga Turkiyya da wasu ƙasashe ya cika kasuwa da araha, na Pantelleria kuwa da ƙwallo a ciki. Masana'antun arewacin Italiya suna ba saurayi albashi duk wata ba tare da ya sunkuya ba. Wa zai ga laifinsa? Mota ta kori jaki, har ya zuwa shekarun 1980 irin jakin tsibirin ya kusa ƙarewa, sai da hukuma ta tsaya aka sake raya shi. Gonakin da ke can sama, masu wuyar hawa, su aka fara bari, daji ya shiga, saiwoyi suka tura katangu.

Inabin da ya rage yau galibinsa giya mai zaƙi ake yi da shi, mai tsada, wadda doka ta ba kariyar suna tun 1971. Wannan ba abin shanmu ba ne, ba kuma shi ya ja ni ga labarin ba, amma gaskiya ita ce kuɗinta ne ke riƙe da sauran katangun da ke tsaye. Gidajen ƙubba da yawa sun koma masaukin masu hutu. Attajirai irin su marigayi Giorgio Armani, mai tsara tufafi, sun saya sun gyara, har da wurin ninkaya a inda a da ake auna ruwa da moɗa, tunda yanzu inji ne ke tace ruwan teku. A 2014 UNESCO ta sa noman inabin Pantelleria cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, karo na farko da wata hanyar noma ta shiga jerin, a 2018 kuma ta ƙara da sana'ar jera katangar dutse. A 2016, bayan wata gobara ta cinye dajin Montagna Grande, aka mayar da mafi yawan tsibirin gandun ƙasa mai kariya.

Na ji daɗin karramawar, amma ta zo bayan yawancin waɗanda suka cancance ta sun kwanta dama. Har yanzu akwai dattawan da ke fita da fartanya zuwa 'yan layukan da suka gada, suna sayar da inabin ga manyan kamfanoni a kuɗin da da ƙyar yake biyan guminsu, su ware kaɗan su shanya don gida. Akwai kuma 'yan samarin da suka dawo daga birni suna neman wanda zai koya musu aski da jeran dutse. Ilmin ba a littafi yake ba, da baki ake ba da shi, cikin karin harshen tsibirin, a gindin kuranga, kuma masu iya ba da shi kullum raguwa suke yi.