Darasin Lissafi a Ƙarshen Layin Dogo

A hutun da ya wuce na kai wa kawuna ziyara a Ƙaura Namoda, garin da ke bakin gulbin Gagare a arewacin Zamfara. Nan ne layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a 1929. A nan kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take tun 1983. Motocin Zurmi da na Shinkafi duk daga nan suke lodi, musamman ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi ke ci.

Kawu malamin lissafi ne. Wata yamma na same shi a zaure yana duba takardun jarrabawa, ransa a ɓace.

"Kawu, lafiya?"

"Zauna, ɗana. Ɗauki makin yara biyar: 20, 25, 30, 85 da 90. Tara su ka raba biyar."

Na ce, "250 ne, a raba biyar ya ba da 50. Ai sun ci!"

Ya girgiza kai. "Wannan shi ne matsakaici. Yanzu jera su daga ƙarami zuwa babba. Wane ne a tsakiya?"

"30."

"To, cire ƙarami daga babba."

"70."

Ya ce wannan ita ce tazara, kuma idan ta yi faɗi haka, ajin ya rabu biyu. Matsakaici ya ce 50, alhali babu yaro ko ɗaya da ya ci 50. Biyun da ke sama ne suka ja shi, suka rufe ukun da suka faɗi.

Su wa ne ukun? Yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan wajen Badarawa da Zurmi saboda rashin tsaro, karatunsu ya tsaya na watanni. Da Kawu ya tsaya a kan matsakaici, da ya rubuta "aji ya yi ƙoƙari", ba wanda zai waiwaye su. Sai ya ware musu darasin yamma.

Ɗalibai, idan sakamakonku ya fito, ku gwada da makin darussanku: ku fitar da matsakaici, da na tsakiya, da tazara. Darasin da ke ƙasa, shi za ku fara bi.