Shekarun da muke zana bishiyar gado

Lokacin da muka fara koyon Java, darasin gado ne kowa ke ɗoki. Malam zai rubuta aji guda a saman allo, ya sa masa suna Dabba, ya ja layi zuwa Kare da Kyanwa, ya ce duk abin da uba ya iya, ɗa ya samu ba sai an sake rubutawa ba. Ga ɗaliban da ke jiran layin kwamfuta, ana kawo wuta ana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Wanda bishiyarsa ta fi rassa shi muke kira gwani.

Dabarar ta girme mu nesa ba kusa ba, domin Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard ne suka fito da ita a yaren Simula 67 a ƙasar Norway. Shi kuwa Java, da kamfanin Sun ya fitar a 1995, bai yarda aji ya gaji uba fiye da ɗaya ba, saɓanin C++.

Na san nauyin wannan doka ne a aikina na farko, manhajar rajistar wata makaranta. An tsara ta yadda aka koya wa kowa: Mutum a sama, Ɗalibi da Malami a ƙarƙashinsa. Sai ga ɗalibin digiri na biyu da ke koyar da 'yan ajin farko, babu reshen da zai ɗauke shi. Babban da nake ƙarƙashinsa ya ce, "Ƙanena, ai ɗalibta ba jini ba ce. Bar shi a Mutum, ka ba shi matsayi ya riƙe." Muka mai da ɗalibta da koyarwa abubuwa masu zaman kansu, Mutum yana riƙe da ɗaya ko biyu, ana ƙara masa ana cirewa manhaja na cikin aiki. Gado ba ya ba da wannan dama, tun wurin rubutu yake yanke wa abu danginsa.

Babban nan ne kuma ya buɗe mini ajin Stack na Java. Ƙa'idarsa ita ce abin da ka saka ƙarshe shi za ka fara cirewa. Amma da yake ya gaji ajin Vector, kowa na iya cusa abu a tsakiyarsa, ƙa'idar ta rushe. Wanda ya gaji gida ya gaji har katangar da ta tsage. Da a ce Stack ya ɓoye Vector a cikinsa, ya fito da ayyukan da yake buƙata kawai, da ba a kai nan ba. Gyara kuwa ya gagara, saboda ɗimbin manhajojin da aka riga aka ɗora a kansa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, littafin Design Patterns ya ba da shawarar fifita haɗi, wato aji ya riƙe wani a cikinsa, a kan gado tun 1994, Java bai ma fito ba.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a yi watsi da gado ba, ko da yake yaren Go ya fito a 2009 babu shi. Ma'aunin da Barbara Liskov ta kawo a 1987 har yau shi nake bi: in ɗa zai iya tsayawa duk inda ake neman uba ba tare da wani abu ya lalace ba, gadon ya halatta. Azuzuwan kurakurai na Java haka suke. Wanda ya shirya tarar IOException zai kama kuskuren ɓatan fayil ma, domin ɗansa ne na gaskiya.