Maraɗi zuwa Mirya da dawowa: ƙaramar mota da kat-kat

Watan jiya ƙungiyarmu ta tashi mu shida zuwa gaisuwar mutuwa a wani ƙauye da ke bayan Mirya. Wadda ta rasu tana cikin matan da suka fara zubi da mu kafin aure ya kai ta can. Kuɗin mota daga asusun taimako aka ciro, don haka da muka dawo sai da na tsaya gaban taro na faɗi yadda aka kashe su. Abin da na faɗa musu ne nake kawo muku.

Da tafiya ƙaramar mota muka shiga a tasha, Toyota Starlet, irin mai gajeren bayan nan da ake ɗaga murfinta sama. Tun 1999 aka daina ƙera wannan samfurin, amma har yau su ne ke ɗawainiya da mu. Tsawonta bai kai mita 4 ba, kuma mutum biyar aka yi ta domin su, har da direba. Mu kuwa biyu gaba, huɗu baya. Maraɗi zuwa Damagaram ya haura kilomita 230, sai ku ƙiyasta.

Zaman mutum huɗu a baya yana da tsarinsa: ɗaya ta jingina, ta kusa da ita ta matso gaba, haka har ƙofa. Kafin Cadawa hira muke. A Agye ƙafata ta hagu ta mutu. Muna kaiwa Gazawa, Inna, wadda ta girme mu duka kuma take fama da gwiwa, ta yi shiru, kuma duk wadda ta san Inna ta san shirunta ba lafiya ba ne. Wani abin da ban lura da shi ba sai ran nan: irin wannan mota ba ta da ma'ajiyar kaya a ware, kaya da mutane ɗaki guda suke. Buhun gero da muka ɗauko na gaisuwa yana bayan wuyanmu, direba na taka birki sai ya gaishe mu. A Tasawa muka sauka salla, ma'ajiyarmu ta ce: “Inna, ko mu yi musanyar wuri?” Ta ce: “Ɗiyata, ina ne wurin?”

Amma in faɗi gaskiya, motar tana ƙasa-ƙasa, shiga da fita ba wuya ko da zane ya matse ki. Bisa kwalta kuma tafiya take lafiya lau. Inda ta gaza shi ne bayan Mirya, da muka bar kwalta. Cikinta na kusa da ƙasa, ƙafafunta ƙanana, rairayi ya riƙe ta. Sauran hanyar a amalanken shanu muka ƙarasa.

Da dawowa muka ce ba za mu sake ba. Aka samo mana kat-kat, tsohuwar Land Cruiser, kuɗinta ya kusa ninka na zuwa. Tsawonta ya kusa mita 5, in kin tsaya gefenta sai ki ce ɗaki ne. Har ƙofar gidan makoki ta zo, rairayin da ya kayar da ƙaramar ko a jikinta.

Matsala ta fari, hawa. Sai da aka kawo turmi aka kifa, mutum biyu suka tallafi Inna. Da ta zauna gaba ita kaɗai ta miƙe ƙafa, sai ga hira ta dawo. Uku suka zauna tsakiya, kowacce bayanta a jingine, kafaɗa ba ta hau kafaɗa ba. Wannan layin, wallahi, ya ci kuɗinsa.

Ni da sakatariya, da yake mu ne yara, aka tura mu can ƙurya, layi na uku. Ƴan uwa, kada girman mota ya ruɗe ku. Ƙarƙashin wannan wuri akwai ƙarfen ƙafafun baya, shi ya sa daɓen ya taso sama, kujerar kuma ta yi ƙasa. Zama ne kamar bisa kujerar tsakar gida, gwiwa na neman haɓa. Kowane rami kai tsaye yake zuwa ƙugunki. Motar tana da tsawo, in ta sha kwana sai ta yi layi, kafin Takeita sakatariya ta fara jin amai. Ga shi in an buɗe wannan layi, wurin kaya ya tafi. Tuluna biyu da muka saya a Mirya bisa cinyarmu suka zo Maraɗi. Ba na jin kunyar cewa a can ƙurya na yi kewar Starlet.

A taro aka yi ta gardama. Wasu suka ce kat-kat ɓarnar kuɗi ce, wasu suka ce lafiyar Inna ta fi. Ni abin da na ce shi ne mun yi tambayar da ba ita ba. Mun tambayi wace mota, ba mu tambayi mutum nawa a layi ba. Da mun biya kuɗin kujera ɗaya ko biyu na banza a ƙaramar mota, uku baya ɗaya gaba, da mun je Damagaram lafiya kuma da arha, mu raba kanmu mota biyu. Kat-kat sai in hanya rairayi ce, ko damina ta ɓata ta, kuma kada a wuce mutum huɗu in akwai kaya.

Haka aka rubuta a littafin ƙungiya. Inna ta sa aka ƙara layi guda: duk tafiyar da za a yi da tsohuwa ko mai ciki, a biya mata gaba ita kaɗai, kuma mace biyu su je tasha su zauna cikin motar da kansu kafin ma'ajiya ta ba da ko dala.