Da Hannuna Na Tayar da Silon Motata

Akwai wata fatawa da ake bayarwa a garejojin kanikawa, daga Kano har Maraɗi, wadda ba a cika yi mata gardama ba: wai tamostat kayan Turawa ne, don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi, a ƙasarmu ta zafi ba abin da yake tsinanawa sai dafa inji. Ni ban tsaya a jin fatawar kawai ba, har wa'azinta na riƙa yi a majalisa, alhali ko sufana mai lamba goma ban iya riƙewa da kyau ba.

Motata Toyota Camry ce samfurin 1999, wadda ake wa laƙabi da fensir saboda siraran fitilunta na baya, mai inji silinda huɗu, lita 2.2. A wani watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan da ke haura digiri 40, na maƙale a cunkoso, sai allurar zafi ta kama hanyar ja. Na lallaɓa da ita gareji. Bakanikena, mutum mai sanyin hali, ya ce: "Alhaji, ka bari mu duba fanka da lagireto tukuna." Na ce ba sai ya wahalar da kansa ba, na san ciwon. A cire tamostat, a haɗa fanka dairek yadda da an murza makulli za ta kama. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce to. Mai kuɗi ya yi magana. Ya ciro ɗan ƙarfen, ya ƙulle mini shi a leda, na wurga a but.

Tun daga ranar allurar ba ta ƙara kusantar tsakiya ba. Da ƙyar take ɗagowa daga harafin C. Duk wanda na ɗauka sai na nuna masa: "Ka gani? Ko Abuja zan je haka za ka gan ta. Motata ba ta san zafi ba."

Damina ta wuce, hunturu ya shigo, sai silo, wato gudun inji in mota na tsaye, ya ƙi sauka. Kowace mota mai fetur idan aka tashe ta da sanyin safiya takan hau zuwa wajen 1,200 ko 1,500, bayan 'yan mintoci ta dawo mazauninta, wanda a irin wannan injin bai wuce wajen 700 ba. Tawa sai ta sauko kaɗan ta tsaya sama da 1,000, ta yi zamanta. In na sa giya sai ta yi wani gif kamar an bangaje ta ta baya. A danja kuwa sai na taka birki da gaske, in ba haka ba ta ja jiki ta sumbaci na gabanta. Ga shan mai, a lokacin da, tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita sai an yi mata lissafi.

Na san wani abu game da silo, kuma abin da na sani gaskiya ne. Idan ƙafa ba ta kan totur, murfin da ke maƙogwaron inji a rufe yake, iska kuma tana bi ta wata 'yar ɓarauniyar hanya da wani bawul ke tsaronta, shi ne ake kira IAC. Kwamfutar mota, birenbos a bakin kanikawa, ita ke buɗe shi ko ta tsuke shi. In silo ya hau, iska ce ta yi yawa. Saboda haka na bi tiyoyin roba ɗaya bayan ɗaya ina kasa kunne ko zan ji tsiyayar iska, na duba ko wayar totur ta ɗaure. Duk lafiya lau. Har nan ban yi laifi ba.

Daga nan ne na koma bincike da aljihu. Na sa aka wanke maƙogwaron, ba ta canja ba. Na tafi Ƙofar Ruwa na sayo bawul ɗan Beljiyam, aka ɗaura, tana nan yadda take, ga shi kuma tsohon da aka cire lafiyarsa ƙalau. Aka kwance fulogogi aka gan su baƙi ƙirin da kunkunniya. Maimakon in tambayi me ya baƙanta su, sai na sayi sababbi, na dawo gida ina jin na yi aiki.

Wata ranar Asabar na buɗe bonet da kaina. A gefen maƙogwaron akwai wani ɗan sukuru da ke tokare murfin, an ɗiga masa fenti tun daga kamfani. Ma'anar fentin ita ce kada a taɓa. Ni kuwa na ɗauke shi alamar ga inda maganin yake. Na sassauta shi, ƙarar injin ta lafa, na yi murmushi na goge hannu. Kafin in rufe bonet ta sake hawa. Na ƙara murɗawa, ta lafa, ta sake hawa. Ashe kokawa nake yi da birenbos: ina rage iska ta nan, ita tana ƙara buɗe bawul ta can, don akwai adadin da take nema kuma sai ta kai shi. Abin da na samu a wannan kokawa shi ne murfin ya fara cijewa a mazauninsa, totur ya yi tauri, sai na danna da ƙarfi sannan ya ɓalle motar ta zabura.

Hukuncin da na yanke shi ne birenbos ta haukace. Har na fara tambayar kuɗinta. Wani rewaya ne ya ce in daure in kai wa wani yaro mai na'urar bincike kafin in zubar da kuɗi.

Yaron bai kai ɗana na fari ba. Ya durƙusa ya soka waya a ƙarƙashin sitiyari, a ramin nan da aka wajabta wa motocin kasuwar Amurka tun 1996, wanda na shekara ina zaune a kansa ban taɓa sa an leƙa ba. Ya daɗe yana kallon allo.

"Alhaji, daga ina kuka taso?"

Na ce daga Hotoro.

"Ba ku tsaya kun kashe ta a hanya ba?"

Na ce ko kaɗan.

Ya juyo mini da allon, ya ɗora yatsa a kan wata lamba. Zafin ruwan inji: 57. Ya miƙe ya kama babban tiyon lagireto na sama ya riƙe, ya ci gaba da riƙewa, fuskarsa ko gezau. Injin da ya ratso garin Kano bai kamata a iya damƙar tiyonsa haka ana hira ba. Fanka kuwa tana ta kaɗawa kamar an aiko ta.

"Ko wani ya cire muku tamostat?"

Wani. Na buɗe baki zan ce ai bakanike ne, sai maganar ta tsaya a wuya, don na tuna wanda ya ce a duba tukuna da wanda ya ce ba sai an duba ba. Na leƙa ta taga. Allurar tana kwance kusa da C, inda take kullum, inda na sha nuna wa mutane da yatsa. Duk tsawon lokacin da nake yawon sayen kaya, shaidar tana gaban idona, tazarar taƙi ɗaya daga allurar silon da nake harara. Ban gan ta a matsayin alamar ciwo ba saboda na riga na rubuta ta a cikin nasarorina. Kuma tsakanin Afrilu da Disamba akwai nisa: abin da aka yi da zafi ya warkar da matsala, wa zai tuhume shi da sanyi? Na zagaya na buɗe but. Ledar tana nan a gefen safaya, ta yi ƙura.

Yaron bai yi dariya ba, wanda hakan ya fi dariyar ciwo. Ya yi mini bayani a hankali. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi, a wannan motar sai wajen digiri 82 take fara buɗewa ta sake shi zuwa lagireto. In babu ita, ruwa na zagayawa tun daga tashi, ga fanka dairek, ga iskar hunturu, inji ba zai taɓa kai zafin aikinsa ba. Fetur kuma ba ya ƙonewa da kyau a inji mai sanyi, don haka birenbos takan ƙara mai ta ɗaga silo har ya ɗumama. Tawa tana ta jiran ɗumin da ba zai zo ba. Daidai yake da mai babur da ya ja cok da asuba ya manta da shi har la'asar. Baƙin fulogogin nan ke nan, kuma rarar fetur ɗin tana wanke bangon silinda, tana gangarawa ta tsinka baƙin mai.

Da aka bi wayoyin fanka don a mayar da su yadda suke, sai ga asalin ciwon watan Afrilu: rilen fanka ne ya mutu. Shi ya sa motar ba ta yin zafi sai a cunkoso, inda babu iskar gudu. Tamostat ɗin da na ɗaure a leda bai aikata komai ba. Sabon tamostat da rile, a haɗe, ba su kai kuɗin bawul ɗin da na saya a banza ba. Sukurun da na murɗa shi ya fi ba da wahala, sai da aka kwance maƙogwaron gaba ɗaya aka sake auna shi.

Ba kowane silo mai hawa ne ke da wannan dalilin ba. Tiyo kan tsage, gasket kan saki, sensar zafi kan yi ƙarya ta ce da sanyi alhali inji na tafasa, wasu motocin zamani kuma in an wanke musu maƙogwaro sai an sake koya musu silo da na'ura. Amma idan motarka ta taɓa yin zafi aka "gyara" ta a rana ɗaya, gobe ka dubi allurarka bayan tafiyar minti goma sha biyar. In ba ta kusanci tsakiya ba, silon kuma yana sama da 1,000, ka tambayi bakanikenka ina tamostat ɗinka yake kafin kowa ya ɗora sukundireba a kan sukurun nan mai fenti.